Wai goro da kuɓewa dangi ɗaya ne, namijin goro kuma bare?

Alhaji_Sani_Alabar:
Assalamu alaikum jama'ar Zango. Tambaya gare ni, kuma da gaske nake. Shekarata 34 ina harkar goro, ita mahaifina ya yi, ita ce ma ta kawo kakana Kumasi ta hanyar Salaga. Jiya bayan isha'i 'yata da ke babbar sakandare tana bitar darasin ilimin halittu a tsakar gida, sai na ji ta ambaci goro. Na ce me aka ce a kan goro? Ta ce masana sun sa goro da kokon da ake cakulan da shi, da kuɓewa, da kuka, da auduga, duk a dangi ɗaya. Namijin goro kuwa wai ba goro ba ne, ko danginsu ma ba ya ciki. Abin ya tsaya mini a rai. Ta yaya itace mai tsawon bene zai haɗa dangi da kuɓewar da ake shukawa a bayan ɗaki, wadda ba ta wuce damina ɗaya? Wa ya yi wannan rabon, me ya duba? Kuma me ya sa sai da wani harshen da babu mai yinsa a kasuwa za a raɗa wa abinmu suna?

Garba_Magazin:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai ban yarda ba. Abin da muke taunawa tun muna yara, wani daga Turai ne zai gaya mana danginsa?

Hajiya_MaiWaakye:
Baba Alhaji, ni ban yi boko mai nisa ba, amma da na karanta jerin nan sai na ga wani abu. Kuɓewa yauƙi, kuka yauƙi. Ayoyo da muke miyar tuwon zafi da shi fa, yana ciki?

Malama_Safiya:
Amin wa alaikumus salam. Alhaji, 'yarka ta faɗi daidai, Allah ya ƙara mata basira. Ni wannan darasin nake koyarwa. Hajiya kuma kin harbo tsuntsun, ayoyo yana ciki, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa lalo. Haka yakuwar da muke sobolo, wato zoɓo, da ita, da rama, da rimi. Sunan dangin Malvaceae.

Masana ba sa duba tsayi ko gajarta, domin a ɗaki ɗaya ma ana haifar dogo da gajere. Abin da suka fi kallo shi ne fure da 'ya'ya da iri, sai ginin ganye da ɓawo. A ɗauko furen kuɓewa da na auduga da na rama a jera su a faifai: ganyen fure biyar, a tsakiya wani ɗan sanda ya miƙe ɗauke da garin fure, gindinsa galibi da jan tabo. In aka cire ganyen jiki aka bar furen kaɗai, da wuya yaro ya bambance su. Sannan yawancin 'yan dangin suna da yauƙi a jiki, ɓawonsu kuma yana ba da igiya. Rama igiya, ɓawon kuka igiya. Buhun da ake zuba koko a ciki a kai tashar jirgin ruwa ta Tema, da zaren ayoyo da wani ɗan gidansu ake saƙa shi, a Indiya da Bangaladash ake nomansu don haka.

Hajiya_MaiWaakye:
Ikon Allah! Buhun koko da miyar da nake kaɗawa kullum. To karkashi ma nasu ne kenan, shi da ya fi kowa yauƙi.

Malama_Safiya:
A'a Hajiya, a nan ne ake zamewa. Karkashi ɗan dangin riɗi ne, duba furensa, kamar ƙaramar ƙararrawa yake, irin na riɗi sak. Shi ya sa alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci. Sai alamomi da yawa sun taru sun yi shaida.

Abdul_Tek:
In ƙara a kan bayanin Malama, ni ɗalibi ne a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, fannin tsirrai. Alhaji yana da hujja a mamakinsa, domin su kansu masanan sun daɗe ba su haɗa su ba. A tsofaffin littattafai goro da koko suna wani dangi da ake kira Sterculiaceae, kuka da rimi suna Bombacaceae, ayoyo yana Tiliaceae. Sun san makusanta ne, amma kowa da shingensa. Sai a ƙarshen shekarun 1990, da aka samu damar karanta ƙwayoyin gado na cikin tsirran, aka ga shingen ba ya bin haihuwa. Wasu da ke wancan gefen sun fi kusa da na wannan gefen. Shi ne aka rushe shingayen aka mai da su dangi ɗaya. Furen goro ba ya kama da na kuɓewa kamar yadda na auduga ke yi, wannan gaskiya ne, kada wani ya je gona ya dawo ya ce mun yi ƙarya.

Alhaji_Sani_Alabar:
Na gode ɗana. To namijin goron fa?

Abdul_Tek:
Baba, kai za ka ba mu amsa. In ka sa farce a goro me yake yi?

Alhaji_Sani_Alabar:
Ya rabe biyu mana. Namijin kuwa ba ya rabewa, dunƙule yake, sai dai ka ɓare masa 'yar rigarsa ka gatsa.

Abdul_Tek:
To ka ga shaida ta farko. Goronmu na Gwanja mai rabewa biyu shi ne Cola nitida. Akwai ɗan'uwansa mai rabewa uku ko huɗu ko fiye, wanda Yarabawa da Inyamurai ke girmamawa a al'adunsu, shi ne Cola acuminata. Ka ga kalmar farko ɗaya ce. Namijin goro kuwa Garcinia kola, daga wani dangi dabam, 'ya'yan itacen kamar lemo suke, ba kwanso irin na goro ba. Ɗaci da tauna ne suka haɗa su a faifan mai talla.

Ummu_Hafsat:
Don Allah a yi mini bayanin wannan suna bibbiyu. Yarona yana ta haddace su don jarrabawa, kullum yana kuskuren babban baƙi da ƙarami, ana rage masa maki.

Malama_Safiya:
Ummu Hafsat, ki ce masa ya tuna rajistar aji, inda ake fara rubuta sunan gida sannan sunan yaro. Kalmar farko sunan gida ce, da babban baƙi take farawa. Ta biyu ta nau'in ce shi kaɗai, da ƙaramin baƙi, ko da daga sunan mutum ko gari aka ɗauko ta. In da hannu yake rubutu ya ja layi ƙarƙashin kowace kalma dabam, in a kwamfuta ne a karkata rubutun. Misali wake Vigna unguiculata, gujjiya Vigna subterranea, gida ɗaya kenan. Kalma ta biyu sau da yawa tana faɗin wani hali: subterranea na nufin ƙarƙashin ƙasa, inda gujjiya ke zuba 'ya'yanta.

Wanda ya kafa wannan tsari Carl Linnaeus ne, mutumin Suwidin, an haife shi 1707 ya rasu 1778. Kafin shi sunan tsiro a littafi jimla ce doguwa mai bayyana kamanninsa, kowane marubuci kuma da tasa. Littafinsa na tsirrai na 1753 shi ne mafarin sunayen tsirrai da ake aiki da su, na dabbobi kuma daga bugu na goma na wani littafinsa a 1758. Latin ya yi amfani da shi don shi ne harshen karatu a Turai a lokacin, kamar yadda malaminmu na Zango da na Timbuktu da na Masar za su haɗu a Larabci.

Matakan kuwa, ni da Hausa haka nake jera wa yara in Turancin ya yi musu nauyi, daga ƙasa zuwa sama: nau'i, gida, dangi, sahu, aji, reshe, masarauta. Kalmomin nawa ne na cikin aji, ba wata hukuma ta tsayar da su ba, a jarrabawa dai na littafi zai rubuta.

Garba_Magazin:
Malama na ji, amma har yanzu tambayar Alhaji ta ƙarshe tana nan. Muna da sunayenmu. Zogale zogale ne, kuka kuka ce. Me ya rage mu da shi?

MaiMagani_Asawase:
Garba ɗan'uwana, bari ni in amsa maka, domin ni abin ya taɓa. Na gaji sayar da sassaƙe da saiwa, kuma ina alfahari da sunayenmu. Amma sunan nan yana canzawa da gari. Itacen da mu nan muke cewa nim, wani ya ce dogon yaro, wani darbejiya, wani maina, mutumin Nijar ya ce bedi. Wannan mai sauƙi ne, itace ɗaya suna da yawa. Mai haɗarin shi ne tsiro biyu masu kama. Wata shekara na aiki wani yaro ya samo mini tafasa, ya dawo da buhu cike da rai-ɗore. Furensu duka rawaya, tsayinsu kusan ɗaya. Da na zazzage a tabarma na ga bakin ganyen da tsini, na tafasa kuwa bakinsa a dakushe yake kamar cokali, ga warin ma ba ɗaya ba. Da a ce an riga an shanya an daka, da wa zai gane? Kuma 'ya'yan rai-ɗore ba abin wasa ba ne ga ƙananan yara. Tun daga ranar ba na karɓar gari daga hannun wanda ban ga ganyensa ɗanye ba. Yanzu in mutum zai kai maganinsa a gwada a cibiyar binciken magungunan tsirrai ta Mampong Akuapem, ko ya nemi rajista, dole a san takamaiman tsiron da sunan da duniya ta sani. Ban ga laifin hakan ba.

Abdul_Tek:
Baba mai magani, abin da idonka ya gani shi ne a cikin sunan. Tafasa Senna obtusifolia, ma'anar kalma ta biyu mai dakusasshen ganye. Rai-ɗore Senna occidentalis. Kalmar Senna kuma daga Larabci aka ɗauko ta.

Ustaz_Rabiu:
Assalamu alaikum. Na bi zancen tun daga sama. Ina so in tuna mana cewa sanin sunayen abubuwa daraja ce da Allah ya fara bai wa ɗan Adam, a Suratul Baƙara aya ta 31 ya ce ya sanar da Adamu sunaye dukkansu. A Suratun Nur aya ta 45 an ambaci masu tafiya a kan ciki, da masu ƙafa biyu, da masu huɗu. A Suratul An'am aya ta 38 an ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Malamanmu ma sun yi wannan aiki: Jahiz ya rubuta Kitabul Hayawan, Dinawari ya rubuta Kitabun Nabat, ƙarnuka kafin wannan Bature. Don haka kada mu ɗauka ilimin baƙo ne. Inda nake da tsoro shi ne in an zo kan mutum, aka sa shi a sahu ɗaya da birai, yara su ɗauka ba su da wani fifiko.

Malama_Safiya:
Allah ya gafarta Malam, tsoronka a wurinsa yake, iyaye da yawa sun same ni da shi. Linnaeus ɗin da ya sa mutum a wannan sahu ya kira shi Homo sapiens, ɗan limamin coci ne, ya yi imani Allah ne ya halicci komai, kuma ya rasu shekara 81 kafin littafin Darwin, mai cewa halittu daga tushe ɗaya suka rarrabu, ya fito a 1859. Ginin jiki ya duba: gashi, shayarwa, haƙora, yatsu. Ba zan ɓoye ba, masana na yau suna gina rabon ne a kan cewa masu kama sun fito daga tushe ɗaya, haka manhaja ta ce kuma haka nake koyarwa. Ina dai gaya wa yara cewa jadawalin yana magana ne a kan jiki, bai taɓo ruhi ko hisabi ba.

Ustaz_Rabiu:
Na gamsu da rabin maganar, Malama. Sauran rabin sai mun zauna, ba a allon waya ba.

ƊanNima:
Gaisuwa daga Ankara, babban birnin Ghana. Tunda an shigo dabbobi, a raba mana gardamar jemage. Kullum da magariba muna ganinsu sun rufe sama a wajen asibitin sojoji na 37. Tsuntsu ne ko dabba?

Garba_Magazin:
Mu ma ga su nan a itatuwan gidan zu kusa da Kejetia. Ni na taɓa tsintar wata da ta faɗo, da ɗanta manne a ƙirjinta yana tsotso. Gashi ne a jikinta, ga haƙora, fuskar kamar ta ɗan kwikwiyo. Wannan kam ba sai Bature ya gaya mini ba tsuntsu ba ce.

Abdul_Tek:
To Yaya Garba, aikin da ka yi da idonka shi ne aikin gaba ɗaya. Haihuwa da shayarwa da gashi sun rinjayi fiffike. Irin na Kumasi da na 37 ɗaya ne, Eidolon helvum, mai cin 'ya'yan itace. In ka buɗe fiffiken za ka ga yatsun hannu ne suka yi tsawo fata ta haɗe su. Haka ayu da ke tafkin Volta, a ruwa yake amma ba kifi ba ne, shayarwa yake, kuma giwa tana cikin makusantansa.

Inna_Rakiya:
Ayu da giwa? Yau na ji abin da ya fi na goro.

Bello_Tafo:
Ni abin da ke ci mini rai dabam ne, kuma shi ne gefen da Garba ke nufi ina ji. Ku duba sunayen da aka liƙa wa itatuwanmu. Ɗorawa da muke daddawa da ita, Parkia, sunan Mungo Park ne, wanda ya mutu a Busa a kogin Kwara a 1806. Kuka Adansonia, sunan wani Bafaranshe Michel Adanson da ya zauna Senegal. Wanda ya fi ƙona mini rai gawo, Faidherbia, sunan Faidherbe gwamnan mulkin mallaka na Faransa a Senegal, wanda ya yaƙi Alhaji Umaru Tal. Itacen da ke ciyar da dabbobinmu da rani, yana ɗauke da sunan wanda ya zo da bindiga. Kakanninmu da suka nuna musu itatuwan, suka gaya musu amfaninsu, ina sunansu?

Sannan ku tambayi Abdul abin da aka yi da Acacia. Bagaruwa da ɗakwara duk Acacia ne a da. Da aka gano gidan ya haɗa waɗanda ba 'yan ɗaki ɗaya ba, dole a raba, sai aka bar wa Ostareliya sunan, namu aka canza musu.

Abdul_Tek:
Haka aka yi, Malam Bello. An yanke a taron masana tsirrai na duniya a Biyana a 2005, aka sake tabbatarwa a Melbon a 2011, kuma masana da yawa daga Afirka sun yi adawa. Bagaruwa yanzu Vachellia nilotica, ɗakwara Senegalia senegal. Hujjar da aka bayar ita ce nau'o'in Ostareliya sun kusa dubu, canza musu suna ya fi wahala. Ni ma ban ji daɗinsa ba.

Amma akwai ɗaya gefen. Iburu, ɗan'uwan acca, sunansa Digitaria iburua, kalmar Hausa ce tsaf aka sa wa rigar Latin. Cola ma daga harsunan Afirka ta Yamma ta fito. Wani likita ɗan Sikotland, Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, har yau masu bincike na komawa gare shi, wanda ke nuna ilimin mutanenmu ne aka rubuta. Kuma ƙofar a buɗe take. A 2021 an bayyana wani sabon nau'in kwaɗo daga dajin Atewa na nan Ghana, da masanin Ghana a cikin masu aikin, aka sa masa Conraua sagyimase, sunan garin Sagyimase da ke gindin dajin. Wanda ya shiga daji ya samo, ya bayyana shi a rubuce, ya ajiye samfuri a ma'ajiya inda kowa zai iya zuwa ya duba, shi ke raɗa suna. In yaranmu na Zango suka karanci fannin, su ma za su raɗa.

Bello_Tafo:
Za su raɗa wa abin da ya rage. Gawo dai ya tafi.

Malama_Safiya:
Malam Bello, canza suna don tarihin mai sunan abu ne mai wuya a dokarsu, domin ƙa'idar ita ce sunan da ya riga shi ke zama. Wannan ƙa'idar ce ma ta cire Park daga kaɗanya: an daɗe ana ce mata Butyrospermum parkii, sai aka koma ga Vitellaria paradoxa da ya girme shi. Amma an fara motsi. A taron Madrid na 2024 sun amince a gyara sunayen tsirrai da aka gina a kan wata kalmar cin mutuncin baƙar fata da aka sani a Afirka ta Kudu.

Inna_Rakiya:
Ni tambayata ƙarama ce. Dankalin Hausa da na Turawa fa?

Malama_Safiya:
Inna, suna ne kawai ya haɗa su. Na Turawa gidansu ɗaya da tumatir da gauta, Solanum. Namu mai zaƙi Ipomoea batatas, ɗan gidan duman kada ne, ki duba yadda yake yaɗo da irin furensa.

Hamza_Aboabo:
Na yi noma a arewa kafin in zo Kumasi. Wani jami'in gona ya taɓa ce mini yanzu gero da ƙarangiya gida ɗaya aka sa su. Na ɗauka wasa yake. Abdul, gaskiya ne?

Abdul_Tek:
Gaskiya ne Yaya Hamza. Gero a da Pennisetum glaucum, yanzu da yawa suna rubuta Cenchrus americanus, ƙarangiya kuma Cenchrus biflorus. Ƙayar ƙarangiya da ɗan gashin da ke kewaye da ƙwayar gero a zangarniya abu ɗaya ne a asali, na ƙarangiya ne ya haɗe ya yi tauri. Littattafan gona da yawa har yanzu tsohon sunan suke amfani da shi.

Ummu_Hafsat:
To in suna ta canzawa haka, wanne yaro zai rubuta?

Malama_Safiya:
Wanda ke littafin da makaranta ta ba shi. Sunayen da ake tambaya a jarrabawa ba su cika motsi ba.

Garba_Magazin:
Kun ga abin da nake faɗa. Namu sunan bai taɓa motsi ba, gero gero ne tun kaka da kakanni. Nasu ne ke yawo.

MaiMagani_Asawase:
Garba, namu ba ya motsi a zamani amma yana motsi a hanya, ka hau mota zuwa Bawku ka ji. Ni dai biyun nake riƙewa yanzu, ina da ɗan littafi da jikata ke rubuta mini na Latin a gefen na Hausa.

Alhaji_Sani_Alabar:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, musamman Malama da ɗana Abdul. Yau da safe a rumfa na ɗauki goro da namijin goro na ajiye a kan ganyen da muke lulluɓe huhu da shi, na daɗe ina kallonsu. Batun namijin na sallama, hannuna ya san bambancin tun tuni, suna ne ya rufe mini ido. Na kuɓewa kuwa zuciyata ba ta kwanta ba tukuna, domin Abdul da kansa ya ce furen bai yi kama ba, kuma ƙwayoyin gadon nan ni ban gan su ba. Na yi waya da manomin da ke kawo mini kaya daga wajen Ahafo, na ce in goro ya yi fure ya tsinko mini reshe. Zan sa 'yata ta kawo wa Malama makaranta a duba tare da yara.

Wata tambayar kuma ta taso mini. Farin goro da jan goro, nau'i biyu ne ko ɗaya? Domin farashinsu ba ɗaya ba ne a wurinmu.

Abdul_Tek:
Ɗaya ne Baba, duka Cola nitida. Ka tambayi manomin, wani lokaci kwanso ɗaya ake fasawa a samu fari da ja a ciki.

Alhaji_Sani_Alabar:
Wannan na sha gani da idona a lokacin ɓara.

Malama_Safiya:
Alhaji, in zai tsinko reshen ya sa shi tsakanin takardun jarida ya danne da wani abu mai nauyi, kada ya sa a leda, zai ruɓe kafin ya iso. Ya haɗo da ganye, in da ƙaramin kwanso ma ya haɗo. Ni zan zo da furen kuɓewa da na sobolo daga lambun makaranta.

Hajiya_MaiWaakye:
Malama in an sa rana a sanar a nan, ina so in zo in gani. Kuma a duba mini karan dafin da nake jan waakye, wato shinkafa da wake, da shi, wai dawa ce ko wani abu ne dabam?